Daga Baro Zuwa Kan Tebur: Tarihin Dogon Kano Ga Mai Son Ƙera Nasa A Ɗaki

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya gefe guda mu taɓa tarihi, amma ta wata 'yar ƙofa da ba kasafai ake shiga ta cikinta ba, wato ƙofar wasan yara.

Duk wanda ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko nan Ƙauyen Alu tun ana noma a bayan gidaje, ya san motar kara. A samo karan dawa a feƙe ɓawon, a yanka ɓargon gunduwa-gunduwa, a riƙa soka wannan cikin wancan har mota ta tashi. Wanda hannunsa ya faɗa kuwa ba ya tsayawa a mota, jirgin ƙasa yake yi, da kansa da taragai uku ko huɗu, ya ja layi biyu a ƙasa da tsinke ya ce ga dogo. Manyan yara su kuma langa-langa suke lanƙwasawa, irin wadda ake ɗaure dilar kaya da ita, su yi tayu da murfin kwalba ko tsohon silifas. To wannan abin da muka ɗauka shirme, a ƙasashen Turawa sana'a ce mai zaman kanta, kuma ba yara kaɗai ke yin sa ba, har da dattawa masu furfura. Tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da 'yan jiragen wasa masu dogo mai tsayayyen awo. A Ingila Frank Hornby ya fara sayar da nasa masu wani irin na agogo a 1920. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gida da aka buɗe a 2001, Miniatur Wunderland, inda dogon wasan da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15, da garuruwa da duwatsu da filin jirgin sama, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, mu da muke da tarihin dogo na gaske mun bar shi yana ruɓewa a tasha, yaranmu kuwa tafiya a wurinsu ba ta wuce tashar motar Unguwa Uku ba. Ni a ganina, wanda zai zauna ya ƙera tashar Kano a kan allo ya fi mai rubuta littafi guda amfani wajen adana wannan tarihi, domin yaro zai gani da ido ya taɓa da hannu. Sai dai kafin ya sayi ƙusa ko ɗaya, tambayoyin da za su sha masa kai su ne dai waɗanda suka sha wa Turawa kai: daga ina zuwa ina, wane faɗi, kuma me jirgin zai ɗauka?

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. A lokacin dogon da aka faro daga Legas ya riga ya iso Ibadan tun 1901, amma Arewa da Kudu gwamnatoci ne daban-daban, kowa da baitulmalinsa. Lugga bai so kayan Arewa su dogara da Legas ba, ya fi son a yi dogo daga bakin kogin Kwara, a sauke kaya a jirgin ruwa su gangara teku. Kafin nan ma ya yi wani ɗan ƙaramin dogo a wajen Zungeru a 1901, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda in ka gan shi ba ka raba shi da abin wasa ba. Bayan Lugga ya tafi a 1906, sai aka turo Percy Girouard a 1907, mutumin Kanada, injiniyan soja, wanda ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan lokacin da Kitchener ke yaƙi da mabiya Mahadi. Wato dai an zaɓo gwamna ne saboda dogo, ba don sanin mulki ba. Shi da shugaban ma'aikatar ayyuka, John Eaglesome, suka fara aiki daga Baro, suka nufo Minna, Kaduna, Zariya, har Kano, tafiyar mil 356.

Littattafan Turawa suna yabon arhar aikin da saurinsa, har akwai ranar da aka shimfiɗa fiye da mil 6. Abin da ba su cika tsayawa a kai ba shi ne wanda ya ɗauki ƙasar a ka. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo talakawa gari-gari, ko mutum yana so ko ba ya so, a ba shi diga da kwando, ya yi makonni ya koma a kawo wasu. Ana biyan su da kuɗin Turawa na ƙarfe, kuɗin da a ƙarshe su ne dai za a karɓa a hannunsu da sunan haraji. Har yau in ka ji tsoho ya ce "digar jirgi", to sunan wannan digar ce ta manne wa hanyar. Ƙarfen dogo ya iso Kano a ƙarshen Maris 1911, zamanin Sarki Abbas, shekara 8 kacal bayan an fasa ganuwa da igwa, aka buɗe hanyar ga jama'a a 1912.

Ga kuma darasi na farko ga mai tsara nasa a ɗaki. Baro da aka kashe kuɗi dominta ba ta daɗe tana cin moriya ba. Kwara ba ta ɗaukar manyan jiragen ruwa sai ruwa ya cika, sa'annan dogon Legas ya biyo ta Jebba da Zungeru ya haɗe da na Baro a Minna a 1912. Da farko a kan jirgin fito ake tsallakar da taragai a Jebba, har aka gama gada a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan kaya suka miƙe Legas kai tsaye, tafiyar kimanin mil 700, Baro ta koma reshe.

Batun kaya kuwa, nan ne abin dariyar yake. Masu masaƙun Lankasha a Ingila ne suka fi kowa matsa wa gwamnatinsu a kai dogo Kano, domin sun ji labarin ƙasa ce ta auduga, suna mafarkin taragai cike da ita. Hausawa na cewa ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa, to su nasu zaton a masaƙa yake, sai ta tashi a gonar gyaɗa. Masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, don haka ba ta da dalilin hawa jirgi. Gyaɗa kuwa kamfanonin Turai na neman ta don mai, ƙasar Kano mai jigawa tana karɓar ta, in farashi ya faɗi manomi ya ci abarsa ko mata su yi ƙuli-ƙuli. Fataken goro da suka san kowane ƙauye su suka shiga tsakani, suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan dubu 3 ba, a 1913 ta haura tan dubu 19, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro daga Gwanja, ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja a 1918, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri a kan dalar gyaɗa, domin na san abin alfaharinmu ce. Gaskiya ne dala ɗaya takan ci buhu kusan dubu 15, kuma jera ta gwaninta ce ta lebura. Amma dalilin da ya sa suka yi yawa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne dogo ya gaza: kawunan jirgi sun tsufa, taragai sun yi kaɗan, layi ɗaya ne tal, sai gyaɗar bara ta tarar da ta bana ba a kwashe ba. Dala alamar albarkar noma ce, kuma alamar cunkoson tasha ce. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ga kuɗin fetur, su suka share su.

Dogo bai tsaya a kan gyaɗa ba, ya sake wa garin fasali. A wajen ganuwa aka ajiye tasha, ta gabas, sai kantunan Turawa da na Kwara suka kewaye ta, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi daga Kudu. Ayarin raƙuman Tarabulus, wanda dama ya fara rauni, ya ƙarasa mutuwa. Goron Gwanja da jakai ke wata da watanni suna kawowa ya koma bin teku zuwa Legas ya hau tarago. Ƙananan tashoshi irin su Challawa, Madobi, Dangora da Gimi suka zama kasuwanni. Daga baya aka ja reshe daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano ta Ringim da Malam Madori zuwa Nguru a 1930. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

To yanzu mu dawo ɗaki. Masu wannan sana'a sun fi amfani da awon da suke kira HO, wato kowane abu a rage shi sau 87. A wannan awo mutum bai wuce santimita 2 ba, buhun gyaɗa kamar ƙwayar wake, tarago mai ƙafa 60 kuwa kimanin santimita 21. Kilomita ɗaya ta gaske tana cin mita 11 da rabi, Legas zuwa Kano kuma sai ka nemi fili mai tsawon kusan kilomita 13. Ka ga ke nan mai ɗaki ƙafa 12 dole ya zaɓi wuri ɗaya da zamani ɗaya. Da ni za a tambaya, tashar Kano ta wajen 1955 zan ce: kan jirgi mai kwal yana hayaƙi, dala biyu a gefe, 'yan dako, jakai, motar katako ta kawo buhuna daga ƙauye, can baya kuma a ɗaga ganuwa da jar ƙasa ta gaske, a kafa Dala da Gwauron Dutse a jikin bango da fenti.

Allon filawud mai ƙafa 8 da 4, wanda za a samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa, shi ne abin da akasarin masu farawa ke ɗauka ko a Turai, domin kwanar da ƙaramin jirgin HO ke iya sha ba tare da ya tuntsure ba tana son da'ira mai faɗin ƙafa 3. Amma kada a manna shi da bango ta dogon gefe, hannun mutum ba ya wuce ƙafa 2 da rabi, in tarago ya faɗi can ƙurya sai an taka gari kafin a ɗauko shi. Wanda ɗakinsa ciki ɗaya ne gara ya yi kanta mai faɗin ƙafa 2 ta bi jikin bango, jirgi ya je ya dawo, dama ai haka Nguru take, ƙarshen layi ce. Hawa kuma kada ya wuce 2 ko 3 cikin 100. A zana komai a takardar buhun siminti da girmansa na gaskiya, a shimfiɗa a ƙasa a kwana biyu ana kallo, kafin a kira kafinta. Wuta ba matsala ba ce yadda ake zato, domin bolt 12 waɗannan jirage ke ci, ƙaramin batir da sola sun isa. Manyan abokan gaba biyu ne: ƙurar hunturu, wadda in ta kwanta a kan ƙarfe jirgi ba zai motsa ba sai an goge, da gara, in an yi gine-ginen da kara ko kwali. A tanadi mayafi, a ɗaga ƙafafun tebur daga ƙasa.

Saura faɗin dogo, wanda a nan ne ake gane wanda ya san tarihi. Faɗin da Girouard ya yi aiki da shi a Sudan da nan, kuma shi ne na dogon Legas, ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, ya fi na Turai ƙanƙanta saboda arha da sauƙin kwana. Dogon HO da ake sayarwa mai milimita 16.5 kwaikwayon na Turai ne. Wanda ke son na Kano sak, ko dai ya nemi mai milimita 12, ko ya bar 16.5 ɗin amma ya ƙera taragansa a awon kashi 1 cikin 64, kamar yadda masu yi a New Zealand suke yi, tunda irin dogonmu gare su. Kada a raina wannan. Ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka yi don kuza aka kammala a 1914, ƙafa 2 da inci 6 aka yi shi, don haka duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodi. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai ya zama saniyar ware, aka rufe shi a 1957. Kawunansa na nan a gidan tarihi na Jos ga mai son ɗaukar awo, haka kuma a Ebute Metta ta Legas akwai gidan Jaekel, mai ɗauke da hotuna da kayan aikin reluwe na da, an sa masa sunan Francis Jaekel wanda ya rubuta tarihin dogon Nijeriya cikin juzu'i 3.

Wanda kuma ya ce shi Kanon zamaninsa zai ƙera, to ya tanadi dogo iri biyu a allo ɗaya. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai milimita 1,435 ne, haka na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a Zawaciki a watan Yuli 2021, haka na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, mai kilomita 284, da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021. Taragon da ya ɗauki gyaɗar Ɗantata ba zai hau ko ɗaya daga cikinsu ba, tazarar da ke tsakani milimita 368 ce, a kan tebur kuwa milimita 4 da 'yan kai.