Yadda ake tafiyar da noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Tiga

An kammala madatsar ruwan Tiga da ke kudancin jihar Kano a shekarar 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako.

Daga Tiga ne ruwa ke bi ta tafkin Ruwan Kanya a yankin Rano, ya shiga babbar magudanar da ke shayar da gonakin shinkafa, alkama da tumatir a Kura, Garun Malam da Bunkure. Ita Bunkure dai mazaɓarta ɗaya da Rano da Kibiya a majalisar wakilai ta tarayya.

A 1976 gwamnatin mulkin soja ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasar guda 11. Ɗaya daga cikinsu, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ce ta karɓi ragamar aikin.

Inda matsalar take

Shekara da shekaru, kusan komai yana hannun ma'aikatan hukumar ne: buɗe ƙofofin ruwa, yashe magudanai da karɓar kuɗin ruwa.

Da kuɗin gwamnati suka ja baya a shekarun 1980, sai gyara ya yi wuya. Laka da ciyawar kachala suka toshe magudanai.

Manomin da gonarsa ke kusa da bakin magudana yakan sha ruwa har ya yi ambaliya, na can ƙarshe kuwa ya zuba ido shukarsa na bushewa. Wanda bai samu ruwa ba yakan ƙi biya, rashin biyan kuma ya ƙara hana gyara. A nan ne gizo ke saƙar, domin ruwa na nan a Tiga, tsarin rabonsa ne ya gurgunce.

Gyaran da aka yi

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda ya haɗa da Bakalori a jihar Zamfara da kwarin Haɗeja a Jigawa.

Baya ga gyaran magudanai, shirin ya mayar da hankali kan raba nauyi. Hukuma ta riƙe madatsa da manyan magudanai, ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa kuma su kula da ƙanana, su tsara ranakun ban-ruwa, su tara kuɗi daga membobinsu.

Hikimar ita ce, manomi ya fi saurin biyan maƙwabcin da ya zaɓa da kansa, wanda kuma zai iya tuhumarsa idan ruwa bai zo ba.

Ba a Najeriya aka fara wannan ba. Mali ta yi wa hukumar Office du Niger irin wannan garambawul a 1994, inda ta rage ma'aikata tare da shigar da wakilan manoma cikin kwamitocin kula da kuɗin ruwa.

Sai dai ƙungiya ba ta ɗorewa sai da littafin kuɗi da kowa zai iya dubawa, da zaɓen shugabanni a kan lokaci, musamman bayan kuɗin rance sun ƙare.

A 2024 Bankin Duniya ya amince da wani sabon shiri mai suna SPIN na dala miliyan 500, domin ɗorawa daga inda TRIMING ya tsaya.