Murhun Arewa da Ma'aunin Baƙi

Farin 1973 ne ya jawo hankalin duniya zuwa ga murhun matan Sahel. A shekarar aka kafa CILSS a Wagadugu, kuma nan da nan masana suka ɗora wa duwatsu ukun da ake girki a kansu laifin cinye daji. A lissafinsu, idan aka rage icen da tukunya ke ci, hamada za ta dakata.

Samfuran farko daga nesa suka zo. Lorena, wanda aka ƙirƙiro a Gwatemala a 1976, da Ban ak Suuf na Senegal, manyan murahu ne na gini, kuma sunayen biyu duk laka da yashi suke nufi, ɗaya da Sifaniyanci, ɗaya da Wolof. A farkon shekarun 1980 Samuel Baldwin, masanin kimiyya daga Amurka da ke aiki da ƙungiyar VITA a Haute-Volta, ya gwada irinsu, ya tarar kaurin ginin na shanye zafin da ya kamata ya kai ga tukunya. Daga nan aka karkata zuwa murhun ƙarfe mara nauyi. Na Nijar shi ne Mai Sauƙi, wanda maƙera ke yankawa daga falankin ƙarfe. Ƙauyuka kuwa aka ba su Albarka, wato duwatsu ukun nan da aka kewaye da katangar laka.

Ma'aunin da aka dogara da shi tafasa ruwa ne. Matar Sukukutane kuwa tuwon gero take tuƙawa. Sai ta sa ƙarfinta a muciya, tukunyar na bukatar mazauni da ba ya motsi, kuma girman tukunyar kan sauya idan suna ko biki ya zo. Duwatsu uku na karɓar kowace tukunya; Mai Sauƙi kuwa kowane lamba da tukunyarsa. Ga kuma batun kuɗi. A Yamai ice saye ake yi, don haka murhun kan biya kansa. A Arewa mata da yara ne ke roro sabara da geza, su haɗa da karan gero da kashin shanu, kuma ba wanda ya sa wa wahalarsu farashi. Ko dokar 1992 da ta kafa kasuwannin ice na karkara, bayan shirin makamashin gida da Danmak da Bankin Duniya suka tallafa, cinikin birane ta fi dubawa. Albarka kuma, in damina ta tsattsaga shi, sai an sake yaɓe.

Hayaƙi ya daɗe bai shiga lissafi sosai ba. A 2010 Hillary Clinton ta ƙaddamar da ƙawancen duniya na murahu masu tsabta, da burin kai wa gidaje miliyan 100 kafin 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Mai Sauƙi da Albarka, waɗanda aka zana don ceton itatuwa, babu wanda aka yi wa bututun fitar da hayaƙi a cikinsu.