Masaukin George: Tsohon Zangon Matafiya a Birnin Landan

Yau hirarmu ta tarihi ce, za mu leƙa wani tsohon gida a birnin Landan na ƙasar Ingila, wanda ake kira George Inn. Yanzu wurin cin abinci ne da shaye-shaye irin na Turawa, har da giya, amma asalinsa masaukin baƙi ne, kamar dai zangon da fatake kan sauka a ƙasar Hausa. Gininsa za mu duba, domin shi ne ke ba da labarin.

Gidan yana unguwar Southwark, kudu da kogin Thames, dab da gadar Landan. Har zuwa shekarar 1750 wannan gada ita kaɗai ce ke tsallaka kogin a tsakiyar birnin. Saboda haka duk matafiyin da ya taso daga kudu, a kan doki ko a cikin karusa, ta nan zai bi. Shi ya sa masaukai suka jeru a bakin titin, kowa na neman baƙo. A shekarar 1676 wata babbar gobara ta cinye yawancin unguwar, har da wannan gida. Aka sake gina shi a 1677, kuma wannan ginin ne ake gani har yau.

To, yaya fasalinsa yake? Ki ɗauka fili ne dogo amma tsukakke, bakinsa a titi, maƙwabta sun matse shi dama da hagu. Ta wata 'yar mashiga ake shiga, sai ka faɗa tsakar gida mai tsawo inda karusa ke tsayawa a kwance dawaki. Da farko gini ya kewaye tsakar gidan ta ɓangare uku. A ƙasa akwai ɗakin da fasinja ke jiran karusa da ɗakin shan kofi, ɗakunan kwana kuma suna bene.

Ga inda dabarar take. Tun da bayan ɗakunan yana manne da ginin maƙwabci, ba halin a huda taga ta can. Idan kuma aka yi lungu a ciki don shiga ɗakuna, zai tare haske da iska. Sai magina suka fitar da hanyar waje: baranda ta katako, hawa biyu, wata bisa wata, da ginshiƙai da makari don kada mutum ya faɗo. Ƙofa da tagar ɗaki duk suna kallon baranda, baranda kuma tana kallon tsakar gida. Mu da muke wuni a cikin gida mun san wannan sarai, tsakar gida ita ce ke ba ɗaki haske da iska. Baƙo yana tsaye a ƙofar ɗakinsa yana ganin ana ɗora kayansa. Sauran ginin kuwa na bulo ne, mai tagogi jere.

Jirgin ƙasa ne ya karya wannan sana'a. A 1836 aka buɗe tasha a nan kusa da gadar, sannu a hankali mutane suka daina tafiya a karusa. Masaukan titin suka rasa baƙi, aka yi ta rushe su ɗaya bayan ɗaya. Shi ma George ya faɗa hannun wani kamfanin jirgin ƙasa, Great Northern Railway, wanda a 1889 ya rushe ɓangare biyu don ya sami wurin ajiye kaya. Ɓangaren kudu kaɗai ya tsira. A cikinsa wata mace mai suna Agnes Murray ta ci gaba da riƙe gidan tana karɓar baƙi har rasuwarta a 1934.

A 1937 aka miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi a ƙasar. Hukuma kuma ta sa shi a rajistar gine-ginen da doka ta kare, a mataki na ɗaya, wato mafi daraja. Ma'anar wannan ita ce, ko mai gida ba shi da ikon rushe bango ko sauya taga sai da izini, wanda ya yi gaban kansa kuwa ya aikata laifi. Da wannan doka ta zo kafin 1889, da ana ganin tsakar gidan a cike. Ta zo a makare, shi ya sa a duk faɗin Landan wannan ɓangare guda ne kawai ya rage na masaukin karusa mai baranda.

Nan za mu dakata, 'yan'uwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.