Amfilifayar Williamson

Amfilifayar Williamson na'urar ƙara ƙarfin sauti ce mai aiki da bawul, wato kwalaben gilashi marasa iska da aka dogara da su kafin zuwan transisto. Injiniya ɗan Birtaniya D. T. N. Williamson ne ya wallafa tsarinta a mujallar Wireless World a 1947, masu sha'awa a ƙasashe da dama suka riƙa haɗa ta a gida. Bawul biyu na KT66 ke ba ta ƙarfin wat 15, da sauti garau. Babban aikin yana wajen naɗa taransifomar da ke kai sauti ga lasifika, domin in naɗin ya kuskure, na'urar takan riƙa fitar da ƙara da kanta. Wutar cikinta ta haura volt 400, tana iya kisa.