Tantance dashen lambu

Tantance dashen lambu shi ne gano ainihin suna da nau'in fure ko ƙaramar bishiyar da aka saya, ko aka tarar a gida, ta hanyar duba ganye, fure, 'ya'ya da yanayin girmanta. Buƙatar hakan ta fi tasowa idan mutum ya sayi dashe da wani suna, bayan shekara ɗaya ko biyu ya yi fure, sai a ga ashe wani abu ne daban.

Yadda suna yake rikicewa

Yawancin dashe ana sayar da shi ne yana ƙarami, kafin ya yi fure, kuma a wannan lokacin nau'o'i da yawa ba sa bambanta a ido. A gidajen renon dashe takardar suna takan faɗi yayin ban ruwa ko sauya tukunya, a mayar da ita inda ba nata ba. A birane kamar Kano, Kaduna da Abuja kuwa, masu sayar da furanni a bakin titi galibi ba sa saka takarda. Dashen yana cikin baƙar leda, sunan yana bakin mai sayarwa.

Hanyar da aka samo dashen ma tana da tasiri. Nau'in da aka zaɓa saboda launi ko ninkin fure sau da yawa ba ya fitowa daidai da uwarsa sai an dasa reshe ko an yi masa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ƙariya, wadda masana ke kira Adenium obesum, misali ce: idan aka shuka irin mai fure ninki-ninki, sau da yawa fure na gama-gari ake samu. Hotunan ƙariya mai shuɗin fure da ake tallatawa a intanet gyararru ne, domin tsiron ba ya yin wannan launi.

Sunan yau da kullum shi ma yana yaudara. A Hausa ana kiran Jatropha curcas da Jatropha gossypiifolia duka bini da zugu, alhali na biyun yana da sabon ganye ja-ja mai danƙo da jan fure. A Turai har yau ana sayar da Pelargonium da sunan Geranium, duk da cewa masanin Faransa Charles L'Héritier ya raba su tun 1789.

Illarsa

Wani lokaci asarar ba ta wuce kuɗi da lokacin jira ba. Wanda ya sayi namijin Skimmia japonica yana son jajayen 'ya'ya ba zai taɓa ganinsu ba, domin mace ce kaɗai take yi. Amma abin yakan fi haka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya gwada dashe 34 da aka sayar a matsayin Celastrus scandens na ƙasar, ya gano 18 daga ciki Celastrus orbiculatus ne, baƙon tsiro daga gabashin Asiya da ke nannaɗe bishiyoyi har ya kashe su. Masu sayen sun yi niyyar raya tsiron gida, sai suka yaɗa wanda yake korarsa.

Akwai kuma batun guba. Nerium oleander da Cascabela thevetia, da ake dasawa don ado a ƙasashe masu zafi, dukansu suna ɗauke da gubar da ke taɓa zuciya, kuma 'ya'yan bini da zugu suna sa yara amai da gudawa idan suka ci.

Hanyoyin tantancewa

Ana farawa da ganye: bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, ko ɗaɗɗaya, ko uku-uku a gaɓa ɗaya kamar na Nerium. Sai a duba bakin ganyen, ƙaya, ƙamshi, da ko reshen yana fitar da farin ruwa idan an karya. Fure da 'ya'ya ne suka fi yanke hukunci, shi ya sa sau da yawa haƙuri ake yi har lokacinsu. A Celastrus, na Amurka yana yin 'ya'ya a ƙarshen reshe, baƙon kuwa a hammatar ganye.

Ɗalibai suna amfani da mabuɗin tambayoyi masu amsa biyu, tsarin da Jean-Baptiste Lamarck ya yaɗa a littafinsa na tsirran Faransa. Don sunayen Hausa, ƙamus ɗin tsirrai na J. M. Dalziel na 1916 yana da amfani har yanzu. Idan abin ya gagara, akan busar da reshe mai fure a tsakanin takardu a kai ma'ajiyar busassun tsirrai, irin ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, a gwada shi da waɗanda aka adana.

Manhajoji irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna gane tsiro daga hoto, amma amsarsu shawara ce kawai, kuma sukan tsaya a jinsin tsiro ba tare da sun kai ga nau'in lambu ba. Gwajin ƙwayoyin gado ma haka yake: sassan rbcL da matK da aka amince da su a 2009 suna raba jinsi da jinsi, amma ba kasafai suke raba nau'o'i biyu na jinsi ɗaya ba.