Korona da tsofaffin da waya ba ta kai gare su

1/ Yau tarihin binciken cutar mantuwa zan ɗan taɓo, wadda mu nan muke cewa gigin tsufa ne kawai mu wuce.

2/ A 1992 aka fara babban binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka. Gida-gida ake bi. A zauna da tsoho a yi masa tambayoyi, sannan a ja wani nasa gefe: yana ɓata hanyar gida? Yana manta sunan jikoki? Rabin amsar a bakin dangi take.

3/ Da yake da yawansu ba su taɓa riƙe biro ba, likitocin Ibadan suka kawo gwajin tsinken ashana: a jera guda huɗu, a ce tsoho ya kwaikwaya. Dabarar nan tana burge ni wallahi.

4/ Sai 2020. A Amurka da Ingila aka hana zuwa asibiti don bincike, suka koma Zoom da kiran waya. Amma gwajin MoCA mai maki 30, in ta waya ne 22 yake komawa, don duk abin da sai an gani an cire shi, har da zanen agogo.

5/ To mu dawo Kano. Ranar 11 ga Afrilu aka samu mai cutar na farko, ranar 27 Buhari ya rufe jihar. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, mafi yawansu sun haura 65. Mu a Kumbotso mun ga jana'izar dattawa ba ƙaƙƙautawa.

6/ Ta yaya aka gano sanadin? Tambayar iyalan mamatan aka yi. Dangi dai kuma.

7/ Yanzu ku ɗauki dattijo a ƙauyen Kura ko Bunkure. Wayar gidan tana aljihun ɗansa, ɗan yana gonar shinkafa yana jiran ruwan Tiga. Kunnen baba ya yi nauyi. Ka tambaye shi yau wace rana, matarsa na gefe tana raɗa masa, kai ba ka gani.

8/ Shi ya sa nake ɗari-ɗari da alƙaluman da aka tara ta waya a shekarar. Wanda ya iya ɗauka ya amsa tiryan-tiryan, ai shi ne mai sauƙi-sauƙin. Wanda abin ya ci ƙarfinsa yana ɗaki, an ja masa ƙofa kada ya fita ya ɓata.