Kallon Duniyar Kwamfuta a Zaune

Duniyar kwamfuta, wadda ake kira VR, fasaha ce da ake ɗaura wani tabarau mai nuna hoto a fuska, har mutum ya ji tamkar yana cikin wurin da yake kallo. Kallonta a zaune ya daɗe: na'urar Sensorama, wadda Morton Heilig ya yi wa rajista a Amurka a 1962, kujera gare ta, mai kallo yana jin iska da jijjiga kamar yana bisa babur.

Zama yana kare mutum daga tuntuɓe da karo da bango, yana kuma bai wa tsofaffi da masu lalurar ƙafa dama. Sai dai ba ya hana jiri. Ido yana ganin tafiya, alhali sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki bai ji motsi ba. Wannan saɓani ke tayar da zuciya. Kishiyarsa ke samun fasinjan da ya ƙura wa waya ido a mota daga Maiyama zuwa Jega ko Aliero: jiki yana tafiya, ido bai shaida ba.

Saboda haka ake son kujera mai juyawa, da taƙaita kallo, da cire tabarau da zarar jiri ya soma.